Me ya sa birki ke jefa fasinja gaba?

Mota na sheƙa gudun kilomita 100 a awa guda, fasinja na barcinsa. Direba na taka birki, sai goshin fasinja ya nufi kujerar gaba.

A ilimin fiziks, gudu shi ne nisan da abu ke ci cikin wani lokaci. Sauyin gudu kuwa shi ne saurin ƙaruwarsa, raguwarsa ko karkatarsa. Wannan sauyin jiki ke ji, kamar yadda dokokin Isaac Newton na 1687 suka nuna.

Idan motar ta tsaya cikin daƙiƙa 10, lafiya lau. Idan ta daki bango ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ƙarfin bugun ya ninka sau 100. Bel na riƙe fasinja, ya ɗan tsawaita tsayawar jikinsa, shi ya sa yake ceton rai.