Baucar Makaranta: Yadda Aka Gwada Ta a Birnin Milwaukee



Kowane malamin gunduma ya san bauca, watau takardar da ake sa wa hannu kafin Ma'aji ya fitar da kuɗi daga Baitulmali. To, a waɗansu ƙasashe akwai wata iri da ake kira baucar makaranta. Gwamnati takan yanka abin da za ta biya wa yaro guda a shekara, ta ce da ubansa ya kai shi makarantar da ransa ya kwanta da ita, ko da ba ta Gwamnati ba ce, sa'an nan a biya makarantar da sunan yaron. Wannan dabam yake da gudummawar da Gwamnatin Jihar Arewa ta riƙa ba makarantun Mishan a zamanin En'e, gama a can makaranta ake ba, a nan kuwa yaro kuɗin ke bi. In uba ya ɗauke ɗansa, kuɗin sun tashi tare da shi.

Wanda ya fito da shawarar sosai shi ne Milton Friedman, wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Shikago a Amurka, cikin shekarar 1955. Hujjarsa ita ce, makarantar da ta san iyaye na iya guje mata tilas ta gyara aikinta, kamar yadda mahauci ba ya wasa da mai saye muddin akwai wani mahaucin a gefensa. Amma wani amfani da aka yi da irin wannan takarda a wancan zamani ba abin yabo ba ne. Bayan Kotun Ƙoli ta Amurka ta hana ware 'ya'yan baƙar fata a makarantu cikin 1954, sai wata gunduma a Jihar Virginia, mai suna Prince Edward, ta rufe makarantun Gwamnati duka daga 1959 har 1964, aka riƙa tallafa wa Turawa da kuɗin jama'a su kai 'ya'yansu makarantu na ƙashin kansu, yaran baƙar fata da yawa kuwa suka zauna gida.

Abin mamaki, sai ga shi wata baƙar fata ce ta farfaɗo da maganar don talakawa. Sunanta Polly Williams, wakiliya ce a Majalisar Jihar Wisconsin daga birnin Milwaukee. Ta ga mai hali ya daɗe yana zaɓen makaranta, ko da kuɗinsa, ko ta ƙaura zuwa unguwar da ke da makarantar kirki, talaka ne kaɗai aka ɗaure wuri ɗaya. Ta haɗa kai da Gwamna Tommy Thompson, ko da yake jam'iyyarsu ba ɗaya ba ce, aka kafa doka cikin 1990.

Ya kamata Hakimai su lura da sharuɗɗan da aka gindaya cikin 1990, domin a cikinsu ƙarfin talaka yake. Ba a ba kowa baucar sai gidan da samunsa bai taka kara ya karya ba. A lokacin, makarantar da ta karɓi yaro ba ta da ikon neman ƙarin ko anini daga ubansa. In masu nema sun fi gurabe yawa, ƙuri'a ake jefawa, don kada shugaban makaranta ya tsince masu ƙoƙari ya bar saura. Shekarar farko yara 341 suka shiga makarantu bakwai, kowane yaro an biya masa kusan dala 2,500. Da fari ba a yarda da makarantun addini ba, sai cikin 1995 aka gyara doka, Kotun Ƙolin Jihar ta tabbatar da gyaran cikin 1998, daga nan yawan yara ya yi ta hauhawa har ya wuce 25,000 wajen 2015.

To, ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A ganin mai wannan rubutu, ta biya rabi. Da aka gwada yaran bauca da takwarorinsu na makarantun Gwamnati, ba a sami wani babban bambanci a jarrabawar karatu da lissafi ba, sai dai yaran bauca sun ɗan fi kammala sakandare. Ga kuma ɓarna. Tun shekarar farko ɗaya daga cikin makarantun nan bakwai ta rufe ana tsakiyar karatu. Daga baya aka kama shugaban wata makaranta ya sayi motoci ƙirar Mercedes da kuɗin yara. Uba yana iya gane malamin da ba ya zuwa aji, amma ba shi da hanyar duba littafin kuɗi, wannan aikin hukuma ne. Saboda haka tsakanin 2004 da 2006 aka tsananta doka a kan lissafin kuɗin kowace makaranta, aka kuma wajabta samun shaidar cancanta.

Akwai kuma abin da duk Hakimin da ya yi rangadi zai hango da kansa. Milwaukee babban birni ne, makarantu birjik, ga motocin haya. Ƙauyen da makarantarsa ɗaya ce tak, ta kusa da ita kuma sai an yi tafiyar yini, ko an ba uba bauca ba a ba shi zaɓi ba, sai fa in jama'ar wurin za su haɗu su gina tasu da kuɗin da baucocin suka kawo.

Cikin 2011 Majalisar Wisconsin ta buɗe ƙofa ga gidaje masu matsakaicin hali, ta kuma cire iyakar yawan yara a Milwaukee. Polly Williams ta fito fili ta soki wannan gyara, domin ita don marasa hali ta yi yaƙin tun asali, tana tsoron masu hali su cinye gurabe. Ta rasu cikin 2014.