Rigima a makaranta: "a yi haƙuri" kaɗai ba ta isa ba

Yau zancenmu na shugabannin makarantu ne, musamman makarantun ikilisiya: firinsifal, hedimasta, mataimakansu, har da wanda aka damƙa wa ɗakin kwanan ɗalibai. Na san da yawa cikinku matasa ne, amma kar ku ce maganar ba ta shafe ku ba. Yanzu za ka ga wanda bai fi shekara 28 ba an ɗora shi a kan kujerar hedimasta a makarantar kuɗi, alhali cikin malaman da ke ƙarƙashinsa akwai sa'ar mahaifiyarsa. Ranar da rigima ta tashi, teburinsa za a nufa.

Bari in fara da abin da na fi gani. Malamai biyu sun samu saɓani, a ce kan rabon kuɗin lesin na 'yan aji shida masu shirin WAEC. Mai lissafi ya ce shi ne ke zuwa har Asabar, mai Turanci ta ce ita ke kwana da tulin takardun maki. Sai shugaba ya kira su ofis, ya ce mu duka 'ya'yan Allah ne, a yi haƙuri, a yi addu'a, a sha hannu. Minti goma an gama. To kuɗin fa? Suna nan yadda aka raba su. Mai ƙorafi ya fita da ƙorafinsa, an kuma ƙara masa wani nauyin: idan ya sake ɗaga maganar, shi ne marar gafara.

Wasu Amurkawa biyu, Kenneth Thomas da Ralph Kilmann, sun fitar da wani ma'auni a 1974 da ya kasa yadda mutane ke tunkarar rigima gida biyar: mai danne abokin magana, mai gudu, mai sakar wa ɗayan komai, mai cewa a raba biyu, da mai zama a nemo mafitar da za ta biya buƙatar kowa. A ganina shugabanninmu da yawa suna cikin gidan masu gudu, sai dai sun sa wa gudun suna mai daɗi, wato haƙuri.

Abin da ya sa nake faɗin haka da ƙarfi, Littafi Mai Tsarki da kansa bai ɓoye rigimar mutanensa ba. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikilisiyar Urushalima tana ta ƙaruwa, sai Yahudawa masu jin Helenanci suka fara gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Ku lura, wannan rigimar abinci ce da ta haɗu da bambancin harshe, irin wadda kan tsaga jama'a gida biyu. Manzannin nan goma sha biyu ba su tsaya wa'azin cewa gunaguni zunubi ne ba. Tara jama'a suka yi, suka ce a zaɓo mutum bakwai masu kyakkyawar shaida a damƙa musu aikin rabon. Aka zaɓi Istifanas da Filibus da wasu biyar. Dukansu bakwai sunayen Helenanci gare su, shi ya sa masu sharhi da yawa ke ganin daga ɓangaren masu ƙorafin aka ɗebo su.

Wannan wajen ne nake so shugaban makaranta ya tsaya ya duba da kyau. Manzannin sun gane cewa tsarin rabon ne ya gaza, sai suka gyara tsarin. Rigingimun ɗakin malamai da yawa haka suke. Kana ganin Malam wane da Malama wance ba sa ga maciji, ka ɗauka mugun hali ne, alhali tushen abin shi ne jadawalin darasi da ya jibge wa mutum ɗaya awowi, ko kuɗin lesin da babu rubutacciyar ƙa'idar rabonsa, ko aikin tsaron ɗalibai na ƙarshen mako da kullum kan faɗa kan marasa aure don an ce ba su da iyali. Ko sau nawa ka sa su sha hannu, wata mai zuwa za su dawo. Zauna da su ku rubuta ƙa'idar, ka sa wanda ya yi ƙorafin cikin masu rubutawa, a manna ta a allon sanarwa kowa ya gani.

Sai sauraro. Karin Magana sura 18 aya 17 ta nuna cewa wanda ya fara kai ƙara shi ake gani da gaskiya, har sai abokin shari'arsa ya zo an yi masa tambayoyi. Duk wanda ya taɓa riƙe makaranta ya san haka. Uwa ta shigo da ɗanta yana kuka, ta ce malami ya tsane shi, zuciyarka ta riga ta yanke hukunci kafin a kira malamin. Abin da nake ba da shawara shi ne, ka ji kowa shi kaɗai tukuna. Idan ya gama, ka maimaita masa abin da ka fahimta da bakinka, ka tambaye shi: haka kake nufi? Sannan ka raba abin da ido ya gani da fassarar da aka yi masa. "Bai gaishe ni a asembili ba" abu ne da ya faru. "Ya raina ni don ni mace ce" fassara ce, mai yiwuwa gaskiya, amma sai an bincika.

Yanzu ga wurin da kowa ya fi sani, Matiyu sura 18 daga aya 15 zuwa 17. Yesu ya jera matakai: ka fara samun wanda ya yi maka laifi ku biyu kawai, in bai saurara ba ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in abin ya ci tura sai a kai gaban ikilisiya. Hikimar a nan ita ce maganar ta zauna cikin mafi ƙarancin mutane muddin hakan zai yiwu, domin a samo ɗan'uwan ba tare da an kunyata shi ba. Mu kuma yau daga matakin ƙarshe muke farawa. Kafin malamin ya ji an yi kuka da shi, maganar ta shiga gurup ɗin WhatsApp na iyaye, mutum ɗari biyu sun karanta, wasu sun tura wa fasto. Don haka idan malami ya kawo maka ƙarar abokin aikinsa, tambayar farko ita ce: kun yi magana da shi? In ya ce a'a, ka mayar da shi, ka ce in bai yiwu ba ya dawo ku je tare. Kai ma shugaba, kar ka gyara malami a gaban ɗalibai, kar kuma ka mayar da addu'ar safiya wurin habaici. Kowa yana gane wanda ake nufi.

Amma a kula, wannan nassin ana cutar mutane da shi. Magana ce tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa. Idan yarinya 'yar shekara 13 ta ce malami yana taɓa ta, ko yaro ya zo da raunin duka, ba za ka ce ta je ta same shi su biyu ba. Wannan ya wuce saɓani, zargin laifi ne. A raba malamin da yara nan take, a sanar da iyaye, a kai ga hukuma. Najeriya tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2003. Na san abin da ke hana shugabanni: sunan makaranta, sunan ikilisiya, tsoron iyaye su kwashe yaransu. Sai a kira dattawa, malamin ya durƙusa ya yi kuka, a ce an yafe, a ba shi takardar shaida mai kyau ya koma wata makarantar inda wasu yaran suke. Ana iya gafarta wa mutum, hukunci kuma ya bi ta kansa. Wanda ya ci kuɗin jarabawar ɗalibai ma haka, a yafe masa, amma ya biya, kuma kar a sake ba shi akwatin kuɗi.

Wani abin kuma, makarantun ikilisiya da yawa a Kaduna, Jos ko Gombe suna da ɗalibai Musulmi. Idan uba Musulmi ya zo da ƙorafi, kar ka buɗe masa aya don ka rufe masa baki. Bangaskiyarka ta fito a yadda ka ba shi kujera, ka ji shi har ƙarshe, ka yi wa ɗansa adalcin da za ka yi wa ɗan fasto.

Kuma ba kowace rigima ke ƙarewa da runguma ba. A ƙarshen sura 15 ta Ayyukan Manzanni, Bulus da Barnaba sun yi gardama mai zafi kan ko za su sake tafiya da Markus, wanda ya bar su a Bamfiliya. Rabuwa suka yi: Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya tafi da Sila. Daga baya, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, Bulus ɗin nan ne ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. To idan malamai biyu sun kasa aiki tare bayan ka yi iya ƙoƙarinka, raba musu aji ko sashe, kowa da mutuncinsa, kar ka rubuta wa ɗayansu abin da zai toshe masa hanya gobe.

A kashi na gaba za mu ɗauki mai wuyar: idan rigimar tsakanin firinsifal ce da mai makarantar, ko da faston da ya ɗauke shi aiki. Sai mun haɗu, Allah ya kai mu.