Ɗan Kasuwa Da Kyamara: Hotunan Da Ba A Biya Ko Dala Ba

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, da wuya a yi biki ko suna ko hawan salla a garuruwanmu ba ku ga masu hoto iri biyu ba. Akwai wanda sana'arsa ce, ya ɗauka, ya wanke, ya kawo a biya shi. Akwai kuma wanda ba wanda ya gayyace shi da sunan aiki, ba ya jiran ladan kowa, sha'awa ce kawai ta sa ya rataya kyamara a wuya yana shan rana. A kan irin na biyun ne za mu yi magana yau, domin mun samu zama da ɗaya daga cikinsu a Maraɗi, wani dattijo mai sayar da yadi da atamfa a babbar kasuwa, wanda ya roƙe mu da mu sakaya sunansa. Ya buɗe mana wani akwatin ƙarfe irin na amare, cike da hotuna, kuma abin da muka gani a ciki ya shafi kowane ɗan kasuwa.

Zamanin da ake ƙirga hoto kamar canji

Malamin ya fara ne da wata tsohuwar kyamara da ya sayo a Kano lokacin da yake zuwa sarin kaya. A wancan zamani fim ake sa wa kyamara, kuma kowane fim hoto 24 ko 36 yake ɗauka, daga nan sai a sake sayen wani. Mutum ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan an wanke, wani lokaci ma sai an ba direba ya kai Yamai ko Kano, a jira kwana da kwanaki. Da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sai duk kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, har da fim da takardar wanki da batir. Abokansa da yawa a lokacin ne suka ajiye kyamara. Shi kuwa sai ya koma yana ƙirga hoto kamar yadda yake ƙirga canji a rumfa: ba ya danna maɓalli sai ya tabbata.

Asara ma ya sha ta. Ya ba mu labarin bikin wata ɗiyar yayarsa da ya ɗauka tun daga sa lalle har kai amarya, sai wani yaro ya buɗe bayan kyamarar don ya ga mutanen da ke ciki. Haske ya shiga, fim ya ƙone ƙurmus. Kuɗin fim bai dame shi ba kamar kunyar da ya ji, domin biki ba ya maimaituwa. Zafin watan Afrilu shi ma abokin gaba ne, fim da aka bari cikin mota ko ƙarƙashin kwano launinsa kan ɓaci, fuskoki su fito jajawur.

Filin kokowa da ƙofar fada

Mafi yawan hotunan da ke cikin akwatin na kokowa ne. Kamar yadda masu karatu suka sani, an fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. A yanzu jihohi 8 ne ke karawa, kowace da ƴan kokowa 10. Dattijon ya ce mana wanda ya jira sai ya ga kaye sannan ya danna, to ƙura kawai zai ɗauka da bayan alƙalin wasa. Dole sai mutum ya san kokowar kanta, ya gane lokacin da aka kama ƙafa ko aka sa ƙugiya, ya danna kafin jiki ya taɓa ƙasa. Ga shi kuma gasar takan faɗo cikin hunturu, iska na kwaso rairayi tana zuba wa kyamara a ido. Shi ya sa yake yawo da ƙyallen atamfa mai laushi, yana rufe ta da zarar ya gama.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, ba ƴan kokowa kaɗai ya ɗauka ba. Akwai makaɗa da ƴan ma'abba, akwai cali-cali yana ba mutane dariya, akwai mai ruwan sanyi da mai dafaffen ƙwai da ƴan mata masu tallar gyaɗa a bakin ƙofa. Manyan masu hoto da ƴan talabijin duk suna fuskantar tsakiyar fili, shi kuwa yakan juya baya ya ɗauki ƴan kallo. Yau idan ka duba waɗannan hotuna za ka ga irin atamfar da ake yayi a shekarar, da ɗaurin ɗankwali, da irin hular da samari ke kafawa.

A Damagaram kuwa, inda yakan je hawan salla a ƙofar fadar Sarki cikin unguwar Birni, dawaki ne suka koya masa hankali. Doki mai sukuwa ba ya sanin mai hoto, kuma walƙiyar fitilar kyamara tana iya firgita shi ya kada mahayi. Don haka yakan nemi gefe, rana tana bayansa, ya durƙusa ƙasa-ƙasa yadda doki zai fito da kwarjininsa, ya kuma bar wa dogarai hanyarsu.

Dabba ba ta san “tsaya in ɗauka” ba

Wajen dabbobi haƙuri ne jari. Ya je Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso, inda ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke. A 1996 ba su wuce 50 ba, amma saboda kulawar hukuma da ta mutanen karkarar, zuwa 2018 sun haura 600, har aka kwashi 8 a wannan shekarar aka kai gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maraɗi. Ya ce raƙumin dawa ba ya gudun mutum idan an tafi a hankali tare da ɗan jagora, amma da zarar ka nufe shi kai tsaye sai ya ba ka baya. Dabarar ita ce ka tsaya kusa da itacen da yake ci, ka yi kamar ba ruwanka da shi, har ya ɗago kai don kansa. Sai dai tun harin 9 ga watan Agusta na 2020, wanda ya ci rayukan mutum 8 a yankin na Kure, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, zuwa wurin ya daina zama yawon da mutum zai tashi kawai ya kama hanya. Duk mai niyya ya fara tambayar hukuma halin da ake ciki.

Ba sai an je nesa ba kuma. Yana da hotunan jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, da balami na layya, da shanun Azawak a kasuwannin Tawa. A nan akwai abin da dillalai za su ƙaru da shi, tun da yanzu a WhatsApp ake tura hoton rago kafin a yi ciniki. Rago ana ɗaukarsa ne daga gefe, mai hoto ya rage tsawo daidai da kafaɗar dabbar, da safe ko da la'asar. Wanda ya ɗauka daga sama zai mai da babban rago ɗan tinkiya. Wanda kuma ya kwanta ƙasa don ƙaramin rago ya fito kamar maraƙi, ya sani ranar da mai saye ya ga kaya da idonsa ciniki zai watse, amana kuma ta tafi. Haka abin yake ga atamfa da leshi: a inuwa mai haske ake ɗaukarsu, domin rana tsaka tana cinye launi, fitilar dare kuma tana sauya shi.

Daga cikin hotunan yawon buɗe ido, na tafkin Madarunfa sun fi yawa. Can yakan kai iyalinsa bayan damina, lokacin da ruwa ya cika, masunta na jefa taru, tsuntsaye na sauka. Wasu yaran da ke cikin hotunan yanzu su ne ke tsare masa rumfa.

A fara da sallama

Da muka tambaye shi abin da ya fi wuya a wannan sha'awa, bai ambaci rana ko ƙura ba, mutane ya ambata. Yawancin matan kasuwa ba sa son a ɗauke su, kuma suna da hujja. Wata mijinta bai yarda ba, wata tana ganin addininta bai ba ta dama ba, wata kuma ba ta san inda hoton zai kwana ba. Mutanen Maraɗi ba su manta da 2005 ba, shekarar da aka yi ƙarancin abinci, masu hoto suka zo daga ƙasashe daban-daban. Hotunan sun taimaka an kawo agaji, wannan gaskiya ne, amma shekara da shekaru duk wanda ya ji sunan Maraɗi a waje yaro mai tamowa yake tunawa, ba birnin kasuwanci ba.

Ƙa'idarsa guda ce. Yakan yi sallama, ya gaisa, ya faɗi ko shi wane ne, sannan ya tambaya: Hajiya ko Inna, kin yarda? In ta ce a'a, ya yi godiya ya wuce. In ta yarda, ya wanke ya kawo mata nata kyauta. Ta haka ne matan da suka ƙi shi da fari suka koma suna aiko yara a kira shi ranar suna.

Muna jan hankalin samari masu salula a kan wannan. Yau kowa mai hoto ne, ba fim, ba kuɗin wanki, kuma cikin minti ɗaya hoton uwar wani ya zagaya gari. Ɗaukar mace tana cin abinci ko tana gyangyaɗi a rumfa don a yi dariya cin mutunci ne, kuma tun 2019 ƙasarmu tana da dokar hukunta laifuffukan da ake aikatawa ta intanet. Haka nan a kiyayi ɗaukar barikin soja da shingen jami'an tsaro da filin jirgin sama, musamman a wannan hali na tsaro. Ke kuma mai sana'a, haƙƙinki ne ki ce ba ki so, ko ki ce a goge a gabanki.

Abin da wuta ba ta ci ba

To mene ne amfanin duk wannan wahala ga mutumin da ba a biyansa? Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin amsa. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a buɗe sabuwa ba sai 1987. Ƙaramar kasuwa ita ma gobara ta cinye ta a 2012. Wanda yake son ya nuna wa jikansa rumfar da ya fara neman arziki a ciki, in ba hoto, sai dai baki. Itacen nan na Tenere da mota ta kaɓe a 1973, gangar jikinsa tana gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, amma tsayuwarsa shi kaɗai a tsakiyar hamada sai a hoto. Philippe Koudjina, wanda ya zauna Yamai, ya yi ta ɗaukar samari da ƴan mata da wuraren shaƙatawa a shekarun 1960 da 1970. Ya rasu a 2014, kuma hotunansa suna cikin abin da ake dubawa a san yadda birnin yake a farkon ƴancin kai. A Mali, Malik Sidibe da ya yi ta bin bukukuwan unguwa a Bamako ya samu babbar lambar yabo a birnin Benis na Italiya a 2007. Waɗannan sana'arsu ce, amma abin da suka ɗauka shi ne irin abin da ke cikin akwatin dattijon namu: mutane a cikin harkarsu ta yau da kullum.

Damuwarsa a yanzu ita ce ajiya. Hotunan da ya wanke tun zamanin fim suna nan, sai dai gara da laima da yake yaƙi da su. Amma na salula, waya ɗaya da aka sace masa a tasha ta tafi da hotunan shekaru. Shawararsa, wadda mu ma muke goyon baya, ita ce a duk shekara mutum ya zaɓi hotuna ko da 10 ne ya kai a wanke masa a takarda. A rubuta a baya da fensir: wane ne, a ina, wace shekara. A sa cikin leda, a ajiye nesa da ƙasa da rana. Sauran kuma a kwafe su a katin ajiya na biyu, a bar shi gida.

Iyayenmu mata da kuka share shekara 20 ko 30 a gindin rumfa ɗaya, ku sa ɗa ko jika ya ɗauke ku tare da kayanku da maƙwabtanku na kasuwa, da yardar kowa, a wanke a ajiye. Da kuɗin wannan rumfa aka yi wa yara makaranta, aka aurar da ƴan mata, ya kamata zuri'a ta ga inda abin ya fito. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da gobara, amin.