Kada Ka Ƙone Kututturen Gonarka

A watan Afrilun 2022, ana cikin azumi, wani kwalekwale ya kife a ruwan Shagari ɗauke da mutanen ƙauyen Gidan Magana. An tsamo gawa 29, akasarinsu yara da matasa. Shekara na zagayowa, a watan Mayun 2023, aka sake yin irinta da yaran ƙauyen Dandeji, inda aka rasa 15, mafi yawansu 'yan mata. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Duk tafiyoyin biyu na neman itacen girki ne a ƙetaren ruwa.

An yi ta maganar lodin da ya wuce kima da tsufan jiragen, kuma duk gaskiya ne. Sai dai akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba: me ya kai mu ga ranar da sai yarinya ta hau ruwa kafin a ɗora tukunya a gidansu? Shagari maƙwabciyar Tambuwal ce. Mutumin Sanyinna, ko Dogon Daji, ko Jabo, ko Kuchi ta ƙasar Kebbe, ba ya bukatar a ba shi labarin yadda icce, kamar yadda muke faɗa a ƙasar Sakkwato, yake ƙara nisa kowace shekara. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake cewa ka yi wa naka.

Ina itatuwan suka tafi?

Ka zauna da kowane dattijo a gindin dogonyaron ƙofar masallaci ka tambaye shi yadda bayan gari yake lokacin ƙuruciyarsa. Zai lissafa maka ƙirya da marke da kaɗe da ɗorawa da kanya da ɗinya, a wuraren da yau sai ka hango mutum daga nisan zango guda. Farin 1973 da na 1984 sun kashe da yawa, amma abin da fari ya bari gatari ne ya ƙarasa shi.

Dalili na farko yawan baki ne. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Tambuwal na da mutum sama da 220,000, Kebbe kuma sama da 120,000, kuma jariran da aka haifa a shekarar sun isa aure yanzu. Kowane sabon gida sabon murhu ne, da sabuwar gona, da azarar ɗaki. Ga masu gidan burodi, da masu tsire, da masu turara shinkafa, da masu suyar ƙosai, ga wankan jego na kwana arba'in da ke cinye tulin itace a kowace haihuwa.

Na biyu shi ne gawayi. Tun da kananzir ya gagari talaka, kuɗin iskar gas kuma ya yi sama, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidajen birni da yawa suka koma murhun gawayi. Irin ƙunar da ake yi ta binne itace a ƙasa asara ce mai yawa, domin sai an ƙone kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo 1 na gawayi. Mai gawayi kuma ba ya neman kalgo ko tumfafiya, ƙirya da marke da kaɗe yake nema, itatuwan da ke shafe shekaru masu yawa kafin su kai girma. Buhun da ka gani an jingine a bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega, inuwar wata gona ce aka ɗure a ciki.

Na uku, wanda ya fi kusa da hannunmu, shi ne yadda muke sharar gona. Mun tashi mun tarar ana yabon manomin da ya share gonarsa fes, ya sassabe duk wani toho, ya tara ya cinna wuta a kan kututture don kada ya sake fitowa. Wannan al'ada ta yi amfani lokacin da daji ya fi mutane yawa, ana barin gona ta huta shekaru ta zama saura. Yanzu babu gonar da ke hutawa.

Abin da ke bin itace idan ya tafi

Ruwan samanmu na 'yan watanni ne, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma manoma sun shaida yadda ya rikice: ya makara, ya ɗauke bayan shuka, sannan ya zubo na mako guda a dare ɗaya. Masana yanayi sun tabbatar da cewa ruwa mai ƙarfi irin wannan ya ƙaru a yankin Sahel. Ba mu muka jawo ɗumamar duniya ba, hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe ne ya fi yin ɓarnar. Amma yadda ruwan zai tarar da ƙasarmu, wannan a hannunmu yake.

Inda akwai itace, ganye na karya ƙarfin ruwa, saiwa na buɗe masa hanya ya nitse, rijiya ta samu. Inda babu, ruwan na gudu a kan ƙasa, ya kwashe taki da ƙasar sama, ya yanka kwazazzabo, ya juye yashi a fadama da tafki. Gulbin da yashi ya cike kuwa ba ya riƙe ruwa, sai ya fantsama cikin gari. Mutanen Gummi, maƙwabtan Kebbe ta gefen Zamfara, sun ga ambaliya a watan Agustan 2024, manoman shinkafar jihar Kebbi kuma ba su manta da ta 2020 ba. Da rani sai iska ta karɓi aikin, ta kwashe ƙasa, farkon damina kuma ta binne ƙaramin gero da rairayi har sai an sake shuka.

Akwai kuma asarar da ake ji a tukunya da aljihu. Ɗorawa ce ke ba da kalwar daddawa, kuka ke ba da miya, kaɗe ke ba da mai, tsamiya ke gyara kunu. Da bagaruwa majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da duniya ta sani. Yawancin wannan ciniki na mata ne. Wanda ya sayar da ɗorawa ga mai gawayi ya karɓi kuɗin kasuwa ɗaya, ya yanke wa gidansa abin da zai riƙa shigowa kowace shekara har jikoki.

Hayaƙin madafa

Itacen da aka sha wuya aka samo ma bai bar mu haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya janyo mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a faɗin duniya a shekarar 2020. Yana haddasa ciwon haƙarƙari ga ƙananan yara, da tarin da ba ya jin magani, da ciwon zuciya, da yanar ido. Uwar da ke hura ɗanyen itace a ɗakin girki marar taga, da goyo a bayanta, su biyu ke shaƙa.

Gawayi kuma na da tasa illar a ɓoye. Idan yana ci a rufaffen ɗaki yakan fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da kasala, mutum ya yi barci ya zarce. Lokacin hunturu ne aka fi samun haka, sa'ad da ake shiga da kaskon wuta ɗaki a toshe ƙofa da taga. Kada a kwana da garwashi a ɗaki. Idan aka tarar da wani ya galabaita, a fito da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibiti. A yi girki a fili ko a inda iska ke ratsawa, a busar da itace kafin a hura, a nisanta yara da murhu, a kuma daina kunna wuta da leda ko tsohuwar roba, domin hayaƙinsu ya fi na itace dafi.

Abin da manoman Maraɗi suka gano

Mafita ba daga Turai za ta zo ba, 'yan'uwanmu Hausawan Nijar sun riga sun gwada ta a ƙasar da ruwanta bai kai namu ba. A farkon shekarun 1980, ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal. An yi ta dasa itatuwa, rana da awaki suna cinyewa. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirrai da ke fitowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace shekara, toho ne daga kututturen manyan itatuwan da aka sare. Saiwarsu na nan da rai a ƙasa, ta riga ta kai ga danshi. Abin da suke bukata kawai a bar su, a gyara su.

Da farko an yi wa masu gwadawa dariya, ana ce musu ƙazaman manoma. Da aka ga amfanin gonarsu, sai maƙwabta suka kwaikwaya, aka raɗa wa dabarar suna sassabin zamani. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa ta bazu a kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa manoma da makiyaya da mata. Abin da ya ƙara wa aikin ƙarfi shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne.

Yadda ake yi

Kafin sharar bana, zagaya gonarka ka duba kututturen da ke toho: sabara, kalgo, gawo, magarya, aduwa, duk wanda kake so. A kowanne ka zaɓi rassa uku zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka sassabe musu ƙananan rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu. Ka yi amfani da kaifaffiyar adda, kana sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. Ka ɗaura musu tsumma domin ɗan ƙwadago da mai kiwo su san an raine su ne. Kada wuta ta kusance su. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake gyarawa. Rassan da kake cirewa su ne itacen girkin gidanka, kuma daga shekara ta biyu ko ta uku za ka iya sare reshe ɗaya duk shekara kana barin sabo ya maye gurbinsa.

Mai tsoron kada inuwa ta hana gero yi, ya dubi gawo. Shi kaɗai ne ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne, dabbobin da ke hutawa a gindinsa kuma su bar maka kashi. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona tsayi da kauri. A wannan zamani na tsadar takin zamani, wanda ya raini gawo ashirin a gonarsa ya rage wa kansa bashi.

A gida kuma, murhun duwatsu uku na zubar da mafi yawan zafin wuta a iska. Murhun laka da aka gina ya rungume tukunya na rage cin itace sosai, kuma mace na iya gina shi da yumɓu da kashin jaki. A jiƙa wake kafin a dafa, a rufe tukunya, a kashe ragowar itace da zarar an sauke.

Rabon hukuma da masu gari

Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Nijeriya ta kafa wa hukuma ta musamman a 2015. Akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. An kafa su ne domin garuruwa irin namu, saboda haka hakkin ƙungiyoyin manoma da matasa ne su je sashen gona na ƙaramar hukuma su tambayi rabonsu. Idan an kawo dashe, a tambayi wanda zai ba shi ruwa a watan Afrilu, domin ba a ƙirga itace ranar bikin dasawa.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni na da ikon da takarda ba ta da shi. Za su iya tsayar da doka a gari: ba a sare ɗanyen itace mai 'ya'ya, ba a shiga gonar wani da gatari, ba a cin burtali da hurumi, ba a cinna wa daji wuta don farautar gafiya. A zauna da Fulani makiyaya tun farko, su ma suna da riba a ganyen rani. Limamai su tuna wa jama'a a huɗuba cewa itacen da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga gare shi sadaka ce ga mai shi. Mai sana'ar gawayi kuma ba maƙiyi ba ne, yunwa ce ta kai shi daji, don haka a nuna masa yadda zai yi sassabe ya bar uwar itacen a tsaye.

Damina na tafe, za a fita shara. Idan ka iso kan kututturen nan da ka saba ɗora wa ƙaiƙayi ka cinna wa ashana, dakata ka dube shi da kyau. Nan da shekara uku, daga jikinsa 'yarka za ta ɗebo itacen tuwon dare, ta dawo gida da ƙafarta kafin a kira magariba.