ZAFIN KWAMFUTA A MILE 12: SAU DA YAWA MAGANINSA BAI WUCE ƘWAYAR SHINKAFA BA

Kasuwar Mile 12, wadda ke kan hanyar Ikorodu a Jihar Ikko, an fi saninta da tumatir da tattasai da albasa waɗanda manyan motoci ke saukewa daga Arewa dare da rana. Amma a bayan rumfunan akwai waɗansu masu shaguna da abincinsu ya rataya a kan kwamfutar cinya, watau masu buga takardu, da masu cika wa ɗalibai fom ta intanet, da akawun dillalai masu riƙe lissafin bashi. Kukan da aka fi ji daga wurinsu shi ne na'urar ta yi zafi, fankarta na ta ruri, sa'an nan ta mutu ana tsakiyar aiki.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. A cikin kowace kwamfuta akwai ƙwaƙwalwa, wadda faɗinta bai fi na kan sarki ba, kuma duk lantarkin da ta sha zafi yake komawa. A kanta aka ɗora farantin jan ƙarfe haɗe da siririn bututu wanda aka rufe da ɗan ruwa a cikinsa. Zafi na mai da ruwan tururi, tururin ya tafi ƙarshen bututun inda siraran ƙarafa suke jere kamar haƙoran mashaci, fanka ta hura su, ya huce ya komo. Wannan shi ne mazuƙin zafi.

To, komai santsin ƙarfe biyu, idan an haɗa su sai an sami ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani, iska ce kuwa ke cika su. Jan ƙarfe ya fi iska isar da zafi fiye da sau 10,000, saboda haka ne masu ƙira ke shafa wani mai toka-toka a tsakani domin ya kori iskar. Bayan shekaru man yakan bushe ya tsattsage kamar laka a bakin tafki. Galibin kwamfutocin da ake saye a nan kuwa 'yan tokumbo ne, sun riga sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso Computer Village ta Ikeja. Ga ƙurar kasuwa da ta hunturu, wadda ke daskarewa a bakin fanka kamar auduga. Ƙwaƙwalwa irin ta Intel idan ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta, in abin ya ƙi ta kashe na'urar, aikin da ba a adana ba kuwa ya tafi ke nan.

Gyaran ba shi da wuya ga mai natsuwa. Sai a cire caja, a raba batir da allo tun kafin a taɓa komai, a kwance kusoshin farantin, a goge tsohon man da sifirit mai ƙarfi da ƙyalle mai tsabta, a share fanka. Sabon man kamar ƙwayar shinkafa ya isa. Labta shi da yawa ba ya ƙara sanyi. A wajen ɗaurewa akwai lambobi kusa da kusoshin, su ake bi kaɗan-kaɗan domin farantin ya zauna daidai. Man goge baki da waɗansu ke sawa ha'inci ne kawai, gama ba ya daɗewa yake bushewa.

Inda ya kamata mai kaya ya buɗe ido shi ne lokacin da aka ce masa sai an sauya mazuƙin gaba ɗaya, ko ma a ce allon ya ƙone. Ba a sauya shi sai bututun ya lanƙwashe ko ya huje. Alamar kuwa ita ce gindinsa ya ɗau zafi ƙwarai alhali ƙarshensa na wajen fanka yana nan da sanyi. Idan haka ta faru, sai a nemi na samfurin kwamfutar daidai, domin na wata ba safai yake hawa ba, kuma mai ita ya kwafe lissafinsa a filashi kafin ya miƙa ta ga mai gyara.