Insulin: Allurar da Ake Gudu Alhali Ita Ce Magani

A bayan tumbin mutum akwai wata doguwar gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Babban aikinta samar da ruwan narkar da abinci, amma a cikinta akwai 'yan gungun ƙwayoyin halitta da wani ɗalibin likitanci Bajamushe, Paul Langerhans, ya gano a 1869. Daga nan insulin ke fitowa.

In an ci tuwo ko shinkafa, abincin kan rikiɗe ya zama sukari a jini. Insulin ne ke sa tsoka da kitse su karɓi wannan sukari, ya kuma sa hanta ta adana ragowar. In babu shi, sai sukarin ya taru, ƙoda ta riƙa zubar da shi ta fitsari. Ga yawan fitsari, ga ƙishirwa, ga ci amma sai rama.

Wannan shi ne ciwon sukari. A nau'insa na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, garkuwar jiki ce ke hallaka ƙwayoyin da ke samar da insulin. A da, yaron da ya kamu ba ya daɗewa. Sai a 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tatso sinadarin a Jami'ar Toronto ta Kanada, James Collip ya tace shi, aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurarsa a Janairun 1922, ya kuwa farfaɗo. A nau'i na biyu, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, insulin na nan, jiki ne ba ya jin kiransa, har fankiriyas ta gaji.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kallon allurar. Da an ce "an ɗora wane kan allura", sai dangi su fara jimami, wasu su koma ga jiƙe-jiƙe. Babu saiwar da ke maye gurbin insulin ga mai nau'i na ɗaya, kuma barinsa na kwanaki kaɗan na iya jefa yaro cikin dogon suma.

Wahalar gaske tana ga tsada da ajiya. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, abin da ke da wuya a zafin Afrilu inda wuta ba ta tsayawa. Shi ya sa wasu ke rufe ta a leda su ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, su riƙa yayyafa ruwa.