Adireshin da Ke Bayan Na'urar POS

Idan mai POS a kasuwar Katako da ke Laranto ya zura kati yana jiran takarda ta fito, sau da yawa saƙonsa kan ratsa manyan rumbunan kwamfuta na haya, waɗanda ake wa laƙabi da girgije. A can an yanyanka manhajar kamfani ƙanana, kowace a kwantenarta, kuma Kubernetes, wadda Google ya saki a 2014, ita ke kiwonsu. Ƙa'idarta ita ce kowane ƙunshin kwantena ya sami adireshinsa. Ina ganin rabon adireshin nan aiki ne na ranar aza harsashi, kuma kamfanonin da ke riƙe da kuɗin talaka ba su da hujjar barinsa yadda ya zo daga masana'anta.

Tsohon tsari, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 ne kacal gare shi. Babban rumbun adireshin na duniya ya ƙare a Fabrairun 2011, AFRINIC ta ƙasar Morishas, mai raba wa Afirka, tsakura take yi, kuma daga Fabrairun 2024 Amazon ya fara cajin masu hayar girgijensa kan kowane adireshi na waje.

Wani zai ce ai akwai adireshin cikin gida da aka ware tun 1994, kyauta ne, rukunin da ke farawa da 10 kaɗai ya haura miliyan 16. Haka ne, sai dai cinsu ake yi kamar wutar daji. A girgijen Google, kwamfutar da aka yanka wa ƙunshi 110 adireshi 256 ake ware mata, ko ta cika ko ba ta cika ba. Wanda ya yanki ƙaramin filin adireshi zai ga ranar jajiberin Sallah, ciniki na tsaka da zafi, sababbin kwantena sun kasa tashi duk da kuɗin hayar na nan. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne karo: kowa na ɗiba daga rukuni guda, don haka kamfani kan zaɓi lambobin da bankin da zai haɗu da shi ya riga ya ɗauka, saƙo ya rasa inda zai dosa. Gyaran hakan kan kai ga sake gina rukunin kwamfutocin ɗungurungum.

Masu cewa sabon tsari, IPv6, ya kashe maganar suna da gaskiya rabi. Kubernetes ta tabbatar da haɗa tsarin biyu a 2021, amma muddin bankin da ke ɗaya ɓangaren yana kan IPv4, dole injiniya ya zauna da mutanen bankin a raba lambobi a rubuce kafin a kunna komai.